Rarar Yatsa Biyu

Mahaifina tela ne, kuma a unguwarmu ba wanda ya san shi da wani suna sai Zai-Girma. Shi ya jawo wa kansa. Duk uwar da ta kai masa yadin ɗanta, in ta koma karɓa ta tarar hannun rigar ya haɗiye yatsun yaron, wandon kuma yana share ƙasa, amsa ɗaya take samu: "Zai girma." Har wani dattijo mai furfura ya taɓa zuwa ƙorafi cewa rigarsa ta yi masa yawa, Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce masa ai yana da sauran ƙiba a gaba.

Ni ce babbar 'yarsa, don haka a kaina aka fara gwada wannan aƙida. Rigar makarantar da ya ɗinka min ranar da na shiga aji ɗaya, da ita na fita aji shida, kuma ranar fitar ma ba ta gama zauna min ba. Yadda yake yi shi ne, zai shimfiɗa yadi a tebur, ya ja layi da alli daidai awon mutum, babu kuskure ko na gashi ɗaya. Sai ya kwantar da yatsunsa biyu a gefen layin, ya bi ta bayansu da almakashi. Wannan rarar yake naɗewa a cikin kalmasa, duk shekara a warware kaɗan. Ban taɓa ganin almakashinsa ya taka layin da shi kansa ya ja ba.

Amma in ana maganar ɗinki, a ba shi hakkinsa. Yadi zai mutu, ɗinkin Baba yana nan. Sukar allurarsa ƙanana ce, a jere, sai ka kawo ido kusa kake gane ta. Duk telan da yake barin tazara tsakanin suka da suka, Baba yana kiran aikinsa tsallen kwaɗo, kuma ba ya amsa gaisuwarsa da sakin fuska.

Da girma ya kama shi, wata rana ya rufe shago. Ya ce mana zamani ya lalace, mutane sun koma son kaya matsattsu kamar an ɗaure su da igiya. Ya rabar da tebur da benci da tarkacen zare, ya taho gida da abu ɗaya, tsohon keken ɗinkinsa na ƙafa, baƙin ƙarfe mai nauyin tsiya. Ba inda ya shiga a gidan sai lungun da ke tsakanin falo da kicin, inda Mama take wucewa sau ba adadi a yini da tukunya a hannu.

Ƙafar keken tana da wani ƙarfe da ya turo waje daidai ƙwaurin mutum. Mama ta yi haƙuri har ƙwaurinta ya koma kalar keken. Rannan ta buge da shi tana ɗauke da butar shayi, ta dire butar a ƙasa, ta tsaya a ƙofar falo.

"Malam, kafin ruwan farko ya sauka, ko keken nan ya samu ɗaki busasshe, ko ya bar gidan nan. Surukarka tana koyon ɗinki, kullum ta zo sai ta shafa shi. Na gama magana."

Gaskiya ne, matar ƙanena in ta zo gaisuwa, kafin ta durƙusa wa Baba sai ta tsaya ta duba lafiyar keken. Baba yana kallonta ta gefen ido kamar mai akuya ya ga mahauci. Shi a wurinsa keken nan ba kaya ba ne, shi ne shaidar cewa har yanzu tela yake, hutu kawai ya ɗauka.

Akwai ɗan lambu a bayan gidan, inda Mama take shuka tumatir da barkono. Baba ya ɗauko kafinta ya kafa masa ɗan ɗaki na katako a ƙarshen lambun. Bango ya tashi, aka saka ƙofa da taga, aka jera katakan da za su ɗauki kwano. Sai kafintan ya ce saura abu ɗaya. Saman a shimfiɗe yake, in aka buga kwano haka ruwa zai kwanta a kai. Dole a ɗora wa kowane katako wani dogon weji, mai kauri a kai, siriri a wutsiya, don rufin ya ɗan gangara. Ya ɗauki katako ya nuna: a ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, a tsaga a kan layin, katako ɗaya ya ba da weji biyu iri ɗaya. Katako huɗu, weji takwas.

Baba ya ce, "Layi ne kawai za a ja a yanka?"

"Shi ke nan, Baba."

"To, ɗauki kayanka, Allah ya yi albarka. Tun kafin a haife ka nake jan layi ina yanka."

Kafintan ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya tattara kayansa, har da zartonsa, ya tafi yana girgiza kai.

Da yake ni ce mai mota, kuma ni ce ban iya ce wa Baba a'a ba, ni na kai shi sayen zarto. Mai shagon kayan aikin wata mata ce mai sanyin magana, ta gaji shagon daga mijinta, ta san kowace ƙusa da ke ciki. Baba ya yi mata bayanin aikin, ya ɗan ƙara da tarihin kansa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta jera masa zarto iri-iri a kan kanta.

Ta fara da na lantarki, mai faifai. Ta ce da shi za a gama kafin shayi ya huce. Ta jona ta danna. Abin ya yi wata ƙara, sai na ji Baba ya koma bayana yana riƙe da gyalena. Da ta kashe, faifan ya ci gaba da juyawa shi kaɗai na ɗan lokaci. Baba ya leƙo ya nuna shi da haɓa.

"Kin gani? An ce masa ya tsaya bai tsaya ba. Abin da ba ya jin magana ba na sa shi a gidana."

Ta kawar da shi. Ta miƙo masa wani dogon zarton hannu mai manyan haƙora, ta ce wannan ne na aikinsa. Baba bai karɓa da hannu biyu ba. Ya ɗaga shi kusa da kunne ya ɗan ƙwanƙwasa da farce, yadda yake yi wa almakashi. Ya bi haƙoran da babban yatsa a hankali, yana yamutsa fuska. Ya ajiye. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har ya iso kan wani siriri mai haƙora kamar garin yashi, fuskarsa ta washe.

"Ga aikin hankali."

"Baba, wannan na yankan ƙarfe ne," in ji ta. "Ko ka yi fushi ba zan sayar maka ba."

Ya yi fushin. Ya ce mata baiwar Allah, shi ba yaro ba ne. Daga ƙarshe suka haɗu a tsakiya, ko kuma shi ya ɗauka sun haɗu, a kan wani zarton katako mai ƙananan haƙora. Ta yi masa bayani a natse. Ta ce wannan na datse katako ne a gicciye, yana barin baki sumul. Shi kuwa tsaga zai yi a tsawon katakon, daga kai har wutsiya, kuma katakon sabo ne, da sauran danshi. Tsaga tana son manyan haƙora masu tazara, don garin katako ya samu hanyar fita. Ƙananan nan za su cushe, ya wuni yana gurza wuri ɗaya.

Baba ya nuna mai manyan haƙoran da ɗan yatsa. "Wancan tsallen kwaɗo ne. Ban yi shi a yadi ba, ba zan fara a katako ba."

Tana naɗe masa zarton a takarda ta ce min ƙasa-ƙasa, "Zan ajiye muku ɗayan a ƙarƙashin kanta." Baba ya ji, ya yi kunnen uwar shegu.

Washegari na zo da sassafe. Ya ɗora katako a kan kujeru biyu na Mama, ya ɗauko sandar awonsa da allinsa na tela. Na riƙe masa kan zare a kusurwa ɗaya, ya ja zuwa ɗayar, ya bi da alli. Layi ya fito fes, a miƙe. Har na fara jin cewa mun zalunci tsohon nan da zato. Sai na ga ya kwantar da yatsu biyu a gefen layin, ya kafa zarto a bayansu.

"Baba, a kan layin kafinta ya ce."

"Kafinta ya ce."

"Ai katako ba ya girma."

Ya ɗago ya dube ni da tausayi. "Uwata, itace ne fa. Me kika taɓa gani a duniyar nan da ya fi itace girma?"

Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, amma wannan bai taɓa sa ya ji maganata ba.

Abin da mai shago ta faɗa kuwa, ko kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Zarton ya shiga kamar tsawon tafin hannu ya cije. Baba ya ja, ya tura, abin yana kuka kamar an taka wutsiyar mage. Ya zare shi ya goge haƙoran da tsohon buroshin haƙori, ya shafa masa sabulu, ya shafa masa kyandir, har man keke ya ɗiga masa. Gumi ya jiƙa masa riga. Mama tana tagar kicin tana yanka albasa, tana ba da labari ga wanda bai tambaye ta ba.

"Da wuƙar nan na ba shi da ya fi sauri."

"Aikin hankali ba ya son gaggawa," in ji Baba, bai juyo ba.

"Hadari ma ba ya son jira."

Kwana da kwanaki aka yi ana wannan kukan a lambu. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya tambaya ko wata dabba ce ba ta da lafiya. Na roƙi Baba ya bar ni in kama masa, ya ce mace mai aikin ofis ba ta san ciwon kayan aiki ba. Hannunsa ya yi bororo, ya naɗe da ƙyalle ya ci gaba. Taurin kansa yana ba ni haushi, amma in faɗi gaskiya, ganin tsoho yana gurzar katako da bakinsa a cije saboda keke ɗaya, abin ya taɓa ni.

Da aka gama muka jera su takwas a ƙasa, sai matsalar ta fito fili. A yadi, rarar da Baba yake bari daga abin da za a zubar take fitowa, kuma ana naɗe ta ciki ba mai gani. A nan kuwa babu abin zubarwa, ɗaya gefen layin ma weji ne. Duk yatsa biyun da ya ƙara wa ɗaya, daga jikin ɗan'uwansa ya ɗebo. Huɗu suka fito ƙatti, huɗu suka fito a rame, wutsiyarsu ko bakin rufin ba ta kaiwa.

Baba ya zagaya su yana riƙe da ƙugu. Ya ce, "Iyali ne. Kowane gida akwai manya akwai yara."

Mama ta rantse in ya taka tsani za ta ɗauke tsanin ta bar shi a can sama ya kwana. Don haka ni na hau, da wandon motsa jiki da guduma, shi yana ƙasa yana ba da umarni. Ya ce a yi adalci, a sa babba a sa ƙarami, babba, ƙarami. Na buga. Muka miƙa kwano na bi da ƙusa. Inda ƙato yake kwanon ya ɗaga, inda ramamme yake ƙusa ta ja shi ƙasa. Da na sauko na waiwaya, rufin ya zama kamar tsohuwar katifa. Inda fallayen kwanon suka hau juna kuwa, duk sun buɗe baki.

Mama ba ta yarda da jiran ruwan sama ba. Ta ce ita za ta gwada da kanta. Ta shiga ɗakin da sabon ɗankwali, ta tsaya daidai inda za a ajiye keken, ta harɗe hannu, ta ce in hau da tiyon ban-ruwan lambu in sake shi. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushin wanda ya riga ya ci.

Na buɗe ruwa. Da farko sai ƙarar kwano. Can sai na ji wata ƙara daban daga ciki, ta ruwa a kan mutum. Ba ɗiga yake ba, zuba yake ta wuri uku, kuma na tsakiyan a kan Mama ya sauka. Ba ta matsa ba. Ta tsaya har ta tabbata kowa ya gani, sannan ta fito, ɗankwalin ya lafe mata a ka, ruwa yana bin hancinta. Na yi ƙoƙarin riƙe dariya a kan tsani har cikina ya ƙulle.

Da faɗa ta yi da abin ya zo da sauƙi. Ta wuce Baba ta shiga gida, muka jiyo ta ta taga tana waya da matar ƙanena. "Ki samo mota da masu ɗauka ƙarshen mako. Eh, keken. Ki zo ki ɗauki abinki."

Dariyata ta yanke. Na sauko raina a ɓace, na sauke shi duka a kan Baba. Na ce kafinta ya faɗa, mai shago ta faɗa, ni na faɗa. Na ce layi ne a gabansa, fari tas, da hannunsa ya ja shi, abin da ake nema kawai ya bi ta kai. Na ce taurin kai ne zai raba shi da kekensa, ba Mama ba. Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba.

Ya zauna a kan guntun katako, yana warware ƙyallen hannunsa yana sake naɗewa.

"Wane layin, Uwata?"

"Kamar yaya wane?"

"Ɗaya nake ja, amma in na sunkuya uku nake gani, kuma dukkansu a cikin hazo. Ban san wanne ne na gaskiya ba. Sai in yanka ta bayansu duka."

Na tsaya da tiyo a hannu.

Ya ce da can yatsa biyun don yara ne, da gaske yake, yara suna girma. Amma a shekarun ƙarshe na shago yatsun sun zama uku, sun zama huɗu, don kada ya ɓata wa mutane yadi. Rigar da ta yi yawa ana iya ragewa, wadda aka ci layinta kuwa ta tafi. Mutane suna ƙorafi, shi yana cewa zai girma, ana dariya, sunan da aka sa masa ya rufa masa asiri. Ranar da ya ɗinka hannun riga a wuyanta bai gane ba sai da mai ita ta ɗaga, ranar ya rufe shago.

"Ba zamani ne ya lalace ba," in ji shi. "Kada ki faɗa wa uwarki."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Shekaru ina shiga gidan nan ina fita, ina tsokanarsa, ban taɓa tambayar kaina me ya sa mutumin da ya fi kowa iya awo yake ɗinka buhu ba. Na zauna kusa da shi a ƙasa. Na ce gobe zan kai shi likitan ido. Ya ce an ji, amma likita ba zai tsaga katako kafin ƙarshen mako ba.

Shi ya kawo dabarar, ba ni ba. Ya ce in sauko da wejin duka. Ƙattin huɗu layinsu yana nan a jikinsu, tunda bai taɓa shi ba. In samo siririn katako miƙaƙƙe in buga shi da ƙananan ƙusa daidai kan layin, shi zai jingina zarto a jikinsa ya bi da hannu, ba ruwansa da ido. Abin da aka tsage daga ƙaton kuma a manna wa ramammen.

Muka koma shago. Baba ya shiga da ƙafar dama, kansa a sama, ya yi gyaran murya.

"Baiwar Allah, na yi tunani. Kowa yana da hakkin a gwada shi. Miƙo min mai tsallen kwaɗon nan."

Ta sunkuya ƙarƙashin kanta ta ɗauko, ko murmushi ba ta yi ba. Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Na ɓamɓare kwano, na zare ƙusa, na buga masa siririn katakon a kan layin farko. Ya shafa shi da yatsa daga kai har wutsiya, ya jingina zarton, ya tura. Haƙoran suka kama, gari ya zubo a kan takalminsa kamar an buɗe buhu. Ya tsaya ya saurara. Ya sake turawa. Kafin rana ta take ya tsage huɗun duka, har yana ɗan rera wata waƙa ta zamanin samartakarsa. Na tambaye shi ya ya ga kwaɗo. Ya ce yana da rawar kai, amma ba shi da ƙeta.

Muka shafa gam muka manna wa kowane ramamme abin da aka ƙwace masa, muka bi da ƙusa. Ɗan abin da zarto ya cinye, Baba ya cike shi da siririn kwali, yadda yake sa wa wuyan riga don ya tsaya. Muka jera su takwas, ya bi samansu da tafin hannu, duka kai ɗaya. Ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Kin ga amfanin rara? Da a kan layi na yanka, da me za mu ƙara wa yaran?"

Na buɗe baki in ce da a kan layi ya yanka da ba a samu yaran ba, sai na fasa.

Gwaji na biyu Mama ta ce ba da ita ba, mai ɗaki ya shiga da kansa. Ya shiga da farar riga. Na sake tiyo har na gaji da riƙewa. Ruwa ya gangara ya zuba ta baya a kan barkonon Mama, Baba ya fito a bushe yana taku ɗai-ɗai. Ana cikin haka matar ƙanena ta iso da mota da ƙarti biyu. Tunda sun riga sun zo, Baba ya sa suka ɗauki keken daga lungu suka kai masa ɗakinsa, yana binsu yana cewa a yi a hankali. Ita kuma ya ce mata in tana son koyon ɗinki na gaskiya ƙofa a buɗe take, amma a tsaye za ta koya.

Likita ya duba, ya ba da magani da sabon gilashi, ya ce za a tare abin kada ya ƙaru, amma wanda ya tafi ya tafi. A hanyar dawowa Baba ya sake ja min kunne kada in faɗa wa Mama. Na riƙe har muka isa gida. Ina shiga kicin, tana juya miya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Likita ya ce idon hagu ya fi lalacewa ko?"

Na tambaye ta ya aka yi ta sani.

"Ke kina ganin don ƙwaurina na ce keken ya bar gidan? Ƙwauri ai ya saba." Ta rage wuta. "Kullum da safe sai ya zauna a lungun nan, ya lashi zare, ya yi ta neman kafar allura. In ya ji takuna sai ya ɗauki tsumma ya ce goge ƙura yake. Ni kuma in wuce in yi kamar ban gani ba. Mutumin da a da yake zura zare yana hira bai ko kalla ba. Na gaji da gani, shi ya sa na ce a ɗauke."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ya yi ɗaki, ai sai ya zauna a ciki." Ta goge ido da bayan hannu ta ce albasa ce, alhali a ranar ba ta yanka albasa ba.

Ruwan farko ya same ni a gidan, da yamma. Hadari ya haɗo, iska ta kaɗa tumatir, aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Ina kicin tare da Mama. Ta cikin ƙarar ruwan muna jiyo keken daga ƙarshen lambu, yana tafiya a hankali, ba tsayawa. Matar ƙanena ce ta kawo masa labulen falonta ya kalmashe, miƙaƙƙen ɗinki ne, hannu yana iya binsa. Mama tana wanke shinkafa, amma na lura kunnenta ba ya kicin.

Can keken ya yi shiru. Muka jira. Bai tashi ba.

"Zaren ya tsinke," in ji Mama.

Ba wanda ya kira ta. Baba ba zai kira ba, ko zai kwana a wurin. Ta yi tsaki, ta tsame hannu ta goge a zani, tana mita cewa mutum ya rasa inda zai kai keke sai bayan duniya, kuma tun da safe ta faɗa masa zaren nan ruɓaɓɓe ne. Ta laluba saman firij ta ɗauko gilashinta ta cusa a cikin riga. Ta zare babban faranti ta kifa a ka. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ki zuba shinkafar in ruwan ya tafasa. Kada ki jira ni, zan ɗan jima."

Na tsaya a taga ina kallonta tana tsallake kwatamin barkono, ruwa yana dukan farantin. Ta tura ƙofar da ƙafa ta shiga, ta rufo.